Ƙananan kalmomin Turanci da ke cinye makin ɗalibai: yadda aikatau ke zaɓar harafinsa

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da janye manufar da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2022 ta koyar da yaran firamare da harshen uwa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko. Ana nan ana muhawara kan dacewar matakin. Amma ya sake taso da wata tambaya da ta daɗe tana damun iyaye da malamai a Katsina da Daura: wane Turancin ake nufi? Yaro zai ji a labarai an ce *The governor has arrived Katsina*, ya ga takardar gayyata an rubuta *We request for your presence*, ya kwafi irin wannan ya kai ɗakin jarrabawa, mai dubawa ya zagaye masa su da jan biro. Yaron bai ƙirƙiro komai ba, abin da ya ji manya suna faɗa ya rubuta.

Yawancin irin wannan ruɗani ba a manyan kalmomi yake ba. Yana tattare ne a 'yan ƙananan kalmomin da ke bin aikatau, irin su *to*, *for*, *on*, *at*, *of*, *in*, *with* da *from*.

## Aikatau, harafi da karɓau

Aikatau ita ce kalmar da ke ɗauke da aiki: ci, jira, saya, tafi. Karɓau shi ne abin da aikin ya faɗa wa, kamar tuwo a "ya ci tuwo". Harafi kuwa, a wannan bayani, shi ne ƙaramar kalmar da ke gabatar da suna ta nuna dangantakarsa da sauran jimla, kamar yadda "a", "da", "daga", "ga" da "zuwa" suke yi a Hausa.

Harafin Turanci yana aiki iri biyu, kuma raba su shi ne matakin farko. Akwai inda yake da ma'anarsa ta kansa, wadda hankali ke iya kamowa: *The book is on the table*, littafi na kan tebur. Idan aka sa *under*, littafin ya koma ƙarƙashi. Akwai kuma inda aikatau ce ke zaɓar harafin, ba ma'ana ba. A *It depends on the price* babu wani abu da ke kan wani. Kalmar *depend* ce kawai ba ta tafiya sai da *on*, kamar kwaɗo da mabuɗinsa, ko da wani mabuɗin ya yi kama da shi ba zai buɗe ba. Irin na biyun ne ke kayar da ɗalibai, domin tunani ba ya fitar da shi, sai sani.

Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ya san "ragiba fi" so ne, "ragiba an" kuwa juya baya ne, fi'ili ɗaya, harafin jarri ne ya raba su. Turanci ma haka yake yi, sai dai ya fi yawaitawa.

## Inda Hausa ke ajiye ma'ana

Hausa tana da wata dabara da Turanci ba shi da ita. Tana sauya ƙarshen aikatau ta sauya alƙiblar aiki: saya, sayo, sayar, saye. Fita da fito. Koma da komo. Masana harshe suna kiran wannan tsari giredin aikatau, kuma F. W. Parsons ne ya fayyace shi a 1960. Nauyin da wasalin ƙarshe ke ɗauka a Hausa, Turanci yakan ɗora shi kan wata ƙaramar kalma ta daban ko ya sauya aikatau ɗin gaba ɗaya. Shi ya sa Bahaushe mai koyon Turanci yakan ji aikatau ta riga ta gama magana, bai ga abin da ya rage da za a ƙara mata ba.

Na biyu, haruffan Hausa kaɗan ne, kowanne da faɗin aiki. "A" ɗaya tak ce a "a gida", "a Daura", "a ranar Juma'a", "a watan azumi". Turanci ya raba su: *at home*, *in Daura*, *on Friday*, *in Ramadan*. "Da" ma ta fi haka yawo. Ita ce a "ya zo da ɗansa", "ya yanka da wuƙa", "an zarge shi da sata", "ya gamu da ita", "da safe". Mai fassara a zuci zai mayar da kowace "da" ta zama *with*, ya dace a wasu wuraren, ya faɗi a wasu.

Shi ma Turancin yana da nasa tarihin da ya jawo cukuɗewar. Tsohon Turanci yana nuna dangantakar kalmomi ta hanyar sauya ƙarshen suna. Da waɗannan ƙarshe suka zube, sai haruffa da jerin kalmomi suka gaji aikin. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da Latin suka kwararo cikin harshen. Sakamakon shi ne tagwayen aikatau masu ma'ana kusan ɗaya, ɗaya tana son harafi, ɗaya ba ta so: *talk about* da *discuss*, *go into* da *enter*, *ask for* da *request*, *look into* da *investigate*. Ba ƙa'ida ce marar togaciya ba, don *depend on* da *consist of* ma daga Latin suke, amma daga waɗannan tagwaye kurakurai da dama suke fitowa.

## Harafin da ake yarwa

Wannan shi ne kuskuren da ya fi alaƙa da Hausa kai tsaye. Muna cewa "jira ni", "saurare ni", "dube ni", aikatau ta rungumi karɓau babu shamaki. Sai ɗalibi ya ce *Wait me*, *Listen me*, *Look me*. Daidaitaccen Turanci yana buƙatar *Wait for me at Kofar Kaura*, *Listen to your mother*, *Look at the board*.

"Ya isa Katsina" ita ke haifar da *He arrived Katsina*, kuma ta samu gindin zama har a jaridu. A ƙa'ida *arrive* ba ta ɗaukar karɓau kai tsaye. Gari ko ƙasa *in* suke so: *He arrived in Katsina*. Gini ko wani takamaiman wuri *at*: *He arrived at the motor park*. Ba a cewa *arrive to*. *Home* ce kaɗai cikin sunayen wurare na yau da kullum ke shiga babu harafi, *She arrived home late*. Wanda bai son wannan wahalar yana iya ɗaukar *reach*, wadda ita kuma ba ta son harafi ko kaɗan: *We reached Daura before Asr*.

Haka *reply* take. A ofisoshi ana yawan rubuta *He did not reply my letter*. Daidai shi ne *reply to my letter*, ko kuma *answer my letter* babu harafi. Sauran na wannan sahu sun haɗa da *apply for a job*, *knock on the door*, *dispose of the refuse* da *operate on a patient*. Na ƙarshen yana da abin lura: ko an juya jimlar, harafin ba ya ɓacewa, yana maƙale a ƙarshe. *She was operated on yesterday*, ba *She was operated yesterday* ba. Ɗaliban aikin jinya su riƙe wannan, don kullum yana fitowa a rahoton majinyata.

Akwai kuma *explain*. Tun da ana cewa *Tell me* da *Show me*, sai ɗalibi ya zaci *Explain me* ma ta halatta, ga kuma "bayyana mini" tana mara masa baya. Amma *explain*, *suggest*, *describe* da *say* ba sa karɓar mutum sai ta hannun *to*: *Explain the answer to me*, *He said to her*.

## Harafin da ake cusawa

Abin mamaki, wannan kuskuren ya fi kama waɗanda suka yi nisa a karatu. *Let us discuss about the matter*. *The principal emphasised on discipline*. *They demanded for their salary*. *I ordered for two bags of rice*. *The committee comprises of five members*. Duk biyar ɗin harafin ya yi yawa. A cire *about*, *on*, *for*, *for* da *of*, jimlolin su miƙe.

Dalilin yana cikin Turancin kansa. Sunayen da aka ciro daga waɗannan aikatau suna ɗaukar harafi, kuma daidai ne: *a discussion about the matter*, *emphasis on discipline*, *a demand for higher pay*, *an order for rice*, *a request for leave*. Kunne ya saba jin *request* kusa da *for*, bai tsaya tantance suna ce ko aikatau ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a duba abin da ya gabaci kalmar. Idan *a*, *the*, *my* ko *our* ne, suna ce, harafi ya zo. Idan *I*, *we*, *they* ko *to* ne, aikatau ce, a tafi kai tsaye: *We request your presence*, amma *Our request for a borehole was approved*. *Comprise of* kuma ta samo asali ne daga cuɗanya da *consist of*, wadda ita ce mai *of* ɗin.

Hausa ma tana da hannu a wasu. "Tattauna a kan batun" tana tura mutum ga *discuss about* ko *discuss on*. "Shiga cikin ɗaki" tana kai shi ga *enter into the room*, alhali *enter the room* ake cewa. *Enter into* tana nan, amma ga yarjejeniya ko ciniki: *enter into an agreement*. Tun da an zo kan "shiga", Bature ba ya *enter* mota. Ƙaramar mota *get in* ko *get into* ake yi mata, bas da jirgi da babur *get on*.

*Cope up with* ma tana yawo sosai. *Cope with* ce, *up* ɗin ta ratso ne daga *keep up with* da *put up with*.

## Lokacin da "da" ta zama *with*

"An zarge shi da sata" tana fitowa a *He was accused with theft*. Daidai shi ne *accused of theft*. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne 'yar'uwarta *charge* ita *with* ɗin take so: *He was charged with theft*. Sai *blame* ta zo da nata, *They blamed him for the loss*, ko a juya, *They blamed the loss on him*. Aikatau uku a fage ɗaya, kowacce da harafinta. Ɗaliban shari'a da masu rubuta ƙara a kotu ba su da mafita sai haddacewa.

Aure ma haka. *She married a trader from Mai'adua*, babu harafi. *She is married to a trader*, da *to*. Wanda ya ce *She is married with a trader* ya kauce, domin a Turanci *married with* 'ya'ya take gabatarwa: *He is married with four children*, wato yana da aure da 'ya'ya huɗu.

"Na fi son shayi a kan koko" takan koma *I prefer tea than pap*, saboda an koya wa yaro cewa kwatanci da *than* ake yi. *Prefer* ba ta bin wannan hanyar, *to* take so: *I prefer tea to pap*. Taya murna kuma *on* ce amsar da jarrabawa ke nema, *I congratulate you on your success*, ko da yake *for* ta fi saurin zuwa baki saboda *thank you for*. Sauran da suka cancanci a rubuta a bangon aji su ne *insist on*, *rely on*, *succeed in*, *believe in*, *suffer from*, *prevent from*, *recover from*, *belong to* da *object to*.

Wasu aikatau suna ɗaukar haruffa biyu a jimla guda, ɗaya na mutum, ɗaya na dalili. *Apologise to Malam for coming late*. *Complain to the landlord about the roof*. *Apply to the ministry for a transfer*. Da zarar ɗalibi ya gane cewa *to* tana nuna wanda aka nufa, ɗayan kuma yana nuna batun, ya samu tsarin da zai riƙa zuba wasu kalmomi a ciki.

## Inda sauya harafi ke sauya magana

Kurakuran da suka gabata suna rage maki ne kawai, mai sauraro yana gane nufi. Akwai waɗanda suka wuce nan, suna juya maganar.

A ɗauki batun kuɗi. Hausa tana amfani da saiwa ɗaya ga mai bayarwa da mai karɓa: "na ari biro", "ara mini biro", "na ranci kuɗi", "ranta mini kuɗi". Turanci ya raba su gida biyu. Mai karɓa *borrow from* yake yi, mai bayarwa *lend to*. *I borrowed fifty thousand naira from Alhaji*: ni ake bi. *I lent fifty thousand naira to Alhaji*: ni ke bi. *Borrow me your pen* da ake ji a kowane aji ba ta cutar da kowa. Amma idan aka zauna rubuta takardar bashi a shagon kwamfuta aka buga *I borrowed him the sum of*, an samar da takarda mai fuska biyu, wadda ranar rigima kowane ɓangare zai iya ja ta wajensa. A irin wannan takarda gara a fito da *from* ko *to* fili tare da cikakken suna.

*Pay* ma tana da rassa. Mutum ake *pay* kai tsaye, haka kuɗin makaranta da haya da bil: *pay the driver*, *pay the fees*, *pay the rent*. Kayan da aka saya kuwa *pay for* ake yi: *pay for the fertiliser*. Idan duka biyun sun haɗu, *I paid the driver for the trip*. *Charge* da aka gani a kotu da *with*, a kasuwa *for* take ɗauka: *He charged me two thousand naira for the repair*.

*The police searched the boy* na nufin sun caje shi, sun laluba aljihunsa. *The police searched for the boy* na nufin ya ɓata suna nemansa. *The flood resulted in hunger*, ambaliya ta jawo yunwa. *The flood resulted from heavy rain*, ruwan sama ya jawo ambaliya. Ɗaya tana kallon gaba, ɗaya baya, kuma a amsar tambayar kimiyya ko tarihi musanya su yana mayar da sanadi sakamako. *Throw the ball to him* miƙawa ce, *throw a stone at him* jifa ce. *Shout to* kira ne daga nesa, *shout at* tsawa ce. *I heard from Yaya* saƙonsa ya iso ni, *I heard about Yaya* labarinsa na ji a bakin wasu.

*Look* ita kaɗai darasi ce. *Look at* kallo, *look for* nema, *look after* kulawa, *look into* bincike, *look down on* raini. *Agree* kuma uku take rabuwa: da mutum ko ra'ayinsa *agree with*, ga tayin da aka kawo *agree to*, kan abin da aka yanke tare *agree on*, kamar *They agreed on the price*.

## Abin da ke bin harafi

Ƙa'ida guda a nan tana da ƙarfi, kuma tana da sauƙin koyarwa. Duk aikatau da ta biyo bayan harafi sai ta ɗauki *-ing*. *He insisted on going*. *She succeeded in passing*. *Thank you for coming*. *They prevented us from entering*.

Matsalar tana wajen *to*, don iri biyu ce. Akwai *to* da ke gaban aikatau tsura, kamar *I want to go*. Akwai *to* harafi. Ta biyun ce a jimlar da ke rufe kusan kowace takardar neman aiki, shi ya sa *I look forward to hear from you* kuskure ne, daidai shi ne *I look forward to hearing from you*. Gwajin shi ne a sa suna bayan *to* ɗin a gani. *I look forward to Sallah* ta zauna, ashe harafi ce, sai *-ing*. *I want to Sallah* ba ta zauna ba, ashe ɗayar ce. Da wannan gwajin ake gane *object to paying*, *be used to waking early* da *with a view to improving*.

Sai batun wurin da wakilin suna ke zama. Wasu ƙananan kalmomin kama da harafi kawai suke yi, amma ɓangaren aikatau ne, kuma ana iya raba su da ita. *Turn off the fan* da *Turn the fan off* duk daidai ne. Idan aka sa *it*, tilas ta shiga tsakiya: *Turn it off*, ba *Turn off it* ba. Haka *fill it in*, *pick him up*, *put it on*. Harafi na gaskiya ba ya rabuwa da abin da yake gabatarwa: *Look after her*, *Wait for it*. Ƙamus mai kyau na masu koyo yana nuna wannan bambanci a gaban kowace aikatau. *Off the fan* da *On the light* kuwa, inda aka jefar da aikatau aka bar wa ƙaramar kalma aikin, maganar gida ce, ba ta shiga rubutu.

## Kuskure ne ko Turancin Najeriya?

A nan masana suka rabu. Ɓangare ɗaya yana cewa harshen da miliyoyin mutane suka yi fiye da shekara ɗari suna amfani da shi ya zama nasu, suna da ikon sarrafa shi. Hujjarsu tana da ƙarfi. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, ciki har da *Kannywood*, *next tomorrow*, *put to bed* da ma'anar haihuwa, da *rub minds*. Suna kuma nuna cewa Amurka da Ingila kansu ba su daidaita kan haruffa ba. Ba'amurke yana cewa *write me*, *protest the decision*, *on the weekend*, *fill out the form*, mutumin Ingila yana cewa *write to me*, *protest against the decision*, *at the weekend*, *fill in the form*. Idan *write me* ta halatta a can, in ji su, me ya haramta *reply me* a nan?

Ɗaya ɓangaren, wanda yawancin malaman aji da masu duba jarrabawa suke ciki, ba ya musun cewa Turancin Najeriya yana nan. Abin da suke cewa shi ne shigar da kalma ƙamus daban, sauya nahawu daban. Turancin Amurka yana da ƙamusoshi da littattafan nahawu da aka yarda da su, waɗanda malami zai buɗe ya kafa hujja. Babu wata hukumar jarrabawa da ta fitar da jerin da ya halatta *discuss about* ko *arrive Katsina*. Suna ƙarawa da cewa wanda zai biya kuɗin sassaucin ba masanin da ke jami'a ba ne, ɗan talaka ne da zai zauna jarrabawa ko ya nemi gurbin karatu a waje.

Ma'aunin da ake bi a makarantunmu na Ingila ne, kuma tarihi ya kawo haka. Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Kwalejin Barewa, ta yi suna wajen koyar da Turanci, kuma a nan Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Ɗalibanta kaɗan ne, suna jin harshen kullum daga bakin masu shi. Kunnensu ne ya haddace musu harafin kowace aikatau. Yaron yau yana cikin aji mai cunkoso, yana jin Turanci na 'yan sa'o'i, wani lokacin daga malamin da shi ma da *emphasise on* aka yaye shi. Bambancin na yawan ji ne da ingancin abin da ake ji, ba na ƙwaƙwalwa ba.

Akwai matsaya ta tsakiya da malamai da dama ke bi a aikace. Ba sa ce wa ɗalibi abin da yake ji a gari shirme ne. Suna nuna masa cewa wannan na hira ne, wancan na takarda, ya san duka biyun ya kuma san inda kowanne ke shiga.

## Abin da hakan ke jawo wa mutane

Kiredit a Turanci sharaɗi ne na shiga jami'a, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ce ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma. A jarrabawar JAMB kowa sai ya amsa tambayoyi 60 na Turanci, ko me zai karanta. A WAEC akwai takardar zaɓi mai tambayoyi 80 kan kalmomi da tsarin jimla, inda cike gurbi da harafin da ya dace ke fitowa a kai a kai. A insha'i kuma, mai maki 50, an ware maki 10 ga tsabtar rubutu, ana cire rabin maki kan kowane kuskure. Kuskure 20 ya share wannan kaso gaba ɗaya, kuma a rubutun kalmomi 450 ba wuya a tara su idan haruffa, alamomin rubutu da daidaiton aikatau suka haɗu. Ɗalibin da ke kan iyakar kiredit yana iya faɗuwa a nan, iyaye su sake biyan kuɗin jarrabawa, shekara ta tafi.

Ga mai neman aiki, jimlar farko da ta ƙarshe ne suka fi haɗari, kuma su ne aka fi kwafa daga tsohuwar takardar da ke ajiye a kwamfutar mai shago. *I wish to apply for the post of* da *I look forward to hearing from you* sun isa a tsaya a duba kafin a buga. Komawa koyarwa da Turanci tun daga firamare kuma na nufin abin da malamin aji ɗaya ya furta shi zai zauna a kunnen yaro. Idan da *Listen me* aka fara, gyaranta a sakandare ya fi koyar da *Listen to me* tun farko wuya nesa ba kusa ba. Don haka nauyin ya fi komawa kan kwalejojin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma.

Hanyar koyo da ta fi aiki ita ce kada a taɓa rubuta aikatau ita kaɗai a littafin kalmomi. A rubuta ta da harafinta da cikakkiyar jimla daga rayuwar ɗalibin: ba *depend* ba, *Our harvest depends on the rain*. A tara su bisa harafi, yau na *on*, gobe na *from*, biyar ko shida a zama guda, a karanta da ƙarfi har baki ya saba. A ware shafi guda ga masu ƙin harafi, wato *discuss*, *request*, *demand*, *order*, *emphasise*, *enter*, *reach*, *marry*, *answer*, *resemble* da *attend* idan halarta ake nufi. Malami kuma idan ya ga *wait me* a littafin yaro, ya rubuta "jira ni" a gefe ya nuna masa daga inda ta fito, don yaron da ya ga tushen kuskurensa ya fi saurin kama kansa a gaba. Idan ana shakka, a buɗe ƙamus na masu koyo, na takarda ko na waya, a tsallake ma'anar a tafi kan jimlolin misali, a nan harafin yake.